Daga Harshen Tsakani zuwa Umarnin Na'ura: Yadda Kwamfaila Take Kammala Fassararta

Gabatarwa

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda a yau aka fi sani da kwamfuta, ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci, ba ta kuma jin Turanci. Hatta harsunan da masana suka ƙirƙira musamman domin rubuta manhaja, irin su C da Java da Python, ba ta fahimtarsu kai tsaye. Sashen da yake aiwatar da aiki a cikinta, wanda za mu riƙa kira masarrafi, abu ɗaya kawai ya sani, shi ne jerin lambobin sifili da ɗaya. Kowane gungu na waɗannan lambobi yana nufin ɗan ƙaramin umarni guda: ɗauko wannan lamba, tara ta da waccan, ajiye amsar a wuri kaza, tsallaka zuwa layi kaza. Haka abin yake a babbar kwamfutar banki, haka kuma yake a wayar salula.

Ke nan dole ne a sami tafinta tsakanin ɗan'adam da na'ura. Wannan tafinta ita ma manhaja ce, sunanta kwamfaila. Tana karɓar shirin da mutum ya rubuta, ta mayar da shi umarnin da masarrafi zai bi. Yawancin kwamfailolin wannan zamani ba sa yin fassarar da tsalle ɗaya. Sukan fara juya shirin zuwa wani harshe na tsaka-tsaki, wanda za mu kira harshen tsakani, su tace shi su rage masa nauyi, sa'an nan daga bisani su juya shi zuwa umarnin na'ura. Wannan mataki na ƙarshe shi ne abin da maƙalar nan za ta yi bayani a kai.

Mai karatu zai iya zaton aikin bai wuce duba ƙamus ba, wato a ɗauki kalma a musanya ta da 'yar'uwarta. Al'amarin ya wuce nan. Akwai tambayoyi uku da tilas kwamfaila ta amsa: wane umarni za a zaɓa, a ina za a riƙe kowace lamba yayin da ake aiki da ita, kuma wane umarni zai riga wani. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne suke sa manhaja ta yi sauri ko ta yi nawa, su ne suke sa batirin waya ya kai yamma ko ya mutu da azahar. Uwa uba, a kansu ne ingancin amsar da na'ura za ta bayar ya rataya.

1. Dalilin samar da harshen tsakani

Masarrafai dangi-dangi ne, kuma kowane dangi da nasa harshen. Akwai dangin x86 na kamfanonin Intel da AMD, wanda ya mamaye kwamfutocin tebur da na cinya. Akwai dangin ARM, wanda yake cikin kusan kowace babbar wayar salula. Akwai kuma RISC-V, wanda aka fara tsarawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarar 2010. Umarnin da ɗaya yake fahimta, ga ɗayan tarkacen lambobi ne marasa ma'ana.

Mu ƙaddara akwai harsunan rubuta manhaja guda 10, da dangin masarrafi guda 8. Idan kowane harshe zai sami tafintarsa zuwa kowane masarrafi, sai an rubuta kwamfaila 80. Amma idan aka amince da harshe ɗaya na tsakiya, abin da ake buƙata shi ne sashe 10 masu juya kowane harshe zuwa na tsakiyar, da sashe 8 masu juya na tsakiyar zuwa kowane masarrafi, jimla 18 ke nan. Wanda ya san manyan kasuwanninmu ya san wannan hikima. Bafulatani da Babarbare da Banufe da Buzu ba sai kowannensu ya koyi harshen sauran ukun ba kafin a yi ciniki. Kowa ya iya Hausa, sai a daidaita.

Tun shekarar 1958 wasu masana a Amurka suka kawo shawarar a samar da harshen tsakani ɗaya ga dukkan na'urori, suka raɗa masa suna UNCOL. Burin bai cika ba a wancan lokaci, amma tunanin bai mutu ba. Kwamfailar GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, tana bi ta harsunan tsakani nata na cikin gida. Haka nan LLVM, wadda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, an gina ta ne kacokan a kan harshen tsakani guda, kuma harsuna irin su C da Rust da Swift suna bi ta cikinsa. An ga amfanin wannan tsari a fili a 2020, lokacin da kamfanin Apple ya fara sauya masarrafan kwamfutocinsa daga na Intel zuwa nasa na dangin ARM. Masu manhajoji da dama ba su sake rubuta shirye-shiryensu daga tushe ba. Sun sake bi da su ne ta kwamfaila, sashenta na ƙarshe ya fitar da umarnin sabon masarrafin.

2. Misalin da za mu yi aiki da shi

Domin bayanin ya zauna sosai, bari mu ɗauki ɗan lissafin da kowane ɗan kasuwa yake yi. Wani ya sayar da kaya guda 40, kowanne a kan naira 500. Jarin da ya zuba naira 15,000 ne, ya kuma biya kuɗin dako naira 1,200. Marubucin manhaja zai rubuta layi ɗaya tak:

riba = farashi × adadi − (jari + dako)

Amsar ita ce 20,000 a ɗebe 16,200, saura naira 3,800. A harshen tsakani, ana warware wannan layi zuwa ƙananan matakai, kowane mataki aiki ɗaya, kowace amsa kuma a ba ta gurbinta na wucin gadi. Za mu kira guraben g1, g2, har zuwa g7:

1. g1 = ɗauko farashi
2. g2 = ɗauko adadi
3. g3 = g1 × g2
4. g4 = ɗauko jari
5. g5 = ɗauko dako
6. g6 = g4 + g5
7. g7 = g3 − g6
8. ajiye g7 a riba

A lura da abubuwa biyu. Na farko, babu ruwan wannan rubutu da kowane masarrafi; bai ambaci sunan umarnin kowa ba. Na biyu, yana kashe gurabe kamar ba za su ƙare ba, kowace sabuwar amsa da sabon gurbi. Da gangan aka yi haka, domin idan sau ɗaya kawai ake zuba lamba a kowane gurbi, yana da sauƙi kwamfaila ta bi sawun inda kowace lamba ta fito da inda za ta. Masana a kamfanin IBM ne suka inganta wannan salo a ƙarshen shekarun 1980, kuma GCC da LLVM duk suna amfani da shi. Sai dai masarrafi na zahiri ba shi da wannan yalwa, kuma daga nan ne aikin sashen ƙarshe yake farawa.

3. Tambaya ta farko: wane umarni?

Kowane masarrafi yana da jerin umarnin da aka gina shi a kai, kamar yadda kowane kafinta yake da kayan aikin da ke cikin akwatinsa. Aikin kwamfaila a nan shi ne ta rufe dukkan matakan harshen tsakani da umarnin da ke akwai, ba tare da ta bar ko ɗaya ba, kuma ta zaɓi haɗin da ya fi araha.

Masarrafan ARM da RISC-V suna da ƙa'ida: ba a yin lissafi kai tsaye a kan lambar da ke cikin rumbun ajiya, sai an fara ɗauko ta. Saboda haka misalinmu zai ci umarni takwas a wurinsu, huɗu na ɗaukowa, uku na lissafi, ɗaya na ajiyewa. Shi kuwa x86 yana da umarnin da zai ɗauko lamba daga rumbu ya tara ta ko ya ninka da ita a lokaci guda. Ke nan mataki na 2 da na 3 za su dunƙule su zama umarni ɗaya, haka ma na 5 da na 6, sai a tashi da umarni shida.

Da a ce lissafin farashi × adadi + dako ne, to ARM mai bit 64 yana da umarni guda, mai suna madd, wanda yake ninka lambobi biyu ya tara ta uku. A tsarin RISC-V na cikakkun lambobi sai an yi amfani da umarni biyu. Haka kuma idan shiri ya ce a ninka lamba sau 8, kwamfaila mai wayo ba za ta kira umarnin ninkawa ba. A lissafin goma-goma, ƙara sifili ɗaya a bayan lamba yana ninka ta sau 10. A lissafin sifili da ɗaya, ƙara sifili ɗaya yana ninka ta sau 2, sifili uku kuma sau 8. Don haka sai ta zaɓi umarnin gusar da lambar hagu da gurbi uku, wanda a masarrafai da yawa ya fi ninkawa sauri.

Yadda ake yin wannan zaɓe shi ne, akan zana lissafin kamar bishiya, ɗebewa a sama, ninkawa da tarawa su ne rassa, lambobin da za a ɗauko su ne ganyaye. Kowane umarni na masarrafi yana iya rufe wani yanki na bishiyar, kuma an rubuta masa tsadarsa, wato lokacin da yake ci. Sai kwamfaila ta nemi haɗin da zai rufe bishiyar baki ɗaya da mafi ƙarancin tsada. Ya kamata ɗalibi ya kiyaye cewa ƙarancin yawan umarni ba kullum yake nufin sauri ba, domin wani umarni guda yakan ci lokacin uku.

4. Tambaya ta biyu: wane aljihu?

Masarrafi yana da wasu 'yan ƙananan ma'ajiyai a cikin jikinsa, waɗanda masana suke kira rajista. Mu za mu kira su aljihuna, domin abin da ke aljihu hannu kawai ake sawa a ɗauko, abin da ke rumbu kuwa sai an taka. Agogon masarrafin zamani yakan buga kamar sau biliyan uku a daƙiƙa ɗaya. Lambar da ke aljihu ana samun ta cikin bugu ɗaya, amma wadda sai an je babban rumbun ajiya tana iya cin bugu ɗari biyu ko fiye. Akwai 'yan ma'ajiyai na kusa da suke rage wannan tazara, amma duk da haka babu wanda ya kai aljihu sauri.

Matsalar ita ce aljihunan kaɗan ne. Tsohon x86 mai bit 32 yana da guda 8 na aikin yau da kullum. Wanda AMD ta fito da shi a 2003 mai bit 64 yana da 16. ARM mai bit 64 yana da 31. RISC-V yana da 32, amma ɗaya daga ciki sifili ne a koyaushe. Alhali kuwa shiri ɗaya yana iya ƙunsar dubban gurabe. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a nan ne ake gane kwamfailar kirki. Tun farkon tarihin fannin haka abin yake. Lokacin da John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fitar da kwamfailar FORTRAN a 1957, masu rubuta umarnin na'ura da hannu ba su yarda manhaja za ta iya kamo ƙwarewarsu ba. Na'urar da aka yi wa aikin, IBM 704, aljihu uku kawai take da su na ƙirga matsayi a cikin jerin lambobi, kuma raba waɗannan uku cikin hikima yana daga cikin abubuwan da suka sa FORTRAN ta karɓu.

Mabuɗin warware matsalar shi ne a gane cewa kowane gurbi yana da tsawon rai. Ana haifarsa a layin da aka zuba masa lamba, ya mutu a layi na ƙarshe da aka karanta shi. A misalinmu, g1 da g2 suna mutuwa a mataki na 3. Shi g3 yana raye daga mataki na 3 har zuwa na 7. Su g4 da g5 suna mutuwa a mataki na 6. Gurabe biyu da rayuwarsu ba ta haɗu ba suna iya zama a aljihu ɗaya, wannan bayan wancan. Malamin da ya taɓa tsara jadawalin darussa ya san wannan ƙa'ida: darussa biyu suna iya amfani da ɗakin gwaje-gwaje ɗaya muddin ba a sa'a ɗaya suka faɗo ba.

Idan muka duba, lokacin da aka fi cunkoso shi ne bayan mataki na 5, inda g3 da g4 da g5 suke raye tare. Ke nan aljihu uku sun isa gurabe bakwai. Mu kira su A da B da C:

1. ƊAUKO farashi zuwa A
2. ƊAUKO adadi zuwa B
3. NINKA A da B, amsa a A
4. ƊAUKO jari zuwa B
5. ƊAUKO dako zuwa C
6. TARA B da C, amsa a B
7. ƊEBE B daga A, amsa a A
8. AJIYE A a riba

To, idan aljihu biyu kawai suka rage fa? Sai dole a sauke wani gurbi zuwa rumbu na ɗan lokaci. Bayan mataki na 3 a ajiye 20,000 ɗin nan a rumbu, a yi tarawar da aljihunan biyu, sa'an nan a koma a ɗauko ta. Umarni takwas sun zama goma. Wannan ƙari ba wani abu ba ne idan sau ɗaya za a yi lissafin, amma idan yana cikin zagayen da za a maimaita sau miliyan, asarar ta zama babba. Shi ya sa kwamfaila take ƙoƙarin sauke gurbin da ba a cika taɓawa ba, ta bar na cikin zagaye a aljihu.

A shekarun 1981 da 1982, Gregory Chaitin da abokan aikinsa a IBM suka nuna yadda za a mayar da wannan aiki matsalar shafa launi. Ana ɗiga ɗigo ɗaya domin kowane gurbi, a ja layi tsakanin duk ɗigo biyu da suke raye tare, sa'an nan a ba kowane ɗigo launi ta yadda biyun da layi ya haɗa ba za su yi launi ɗaya ba. Kowane launi aljihu ne. Dabarar da suka bi ta samo asali ne daga wani Baturen Ingila, Alfred Kempe, wanda a 1879 ya yi ƙoƙarin tabbatar da cewa launi huɗu sun isa a shafa wa kowace taswira. An gano kuskure a hujjarsa a 1890, kuma ba a tabbatar da batun ba sai a 1976, da taimakon kwamfuta. Amma wata dabara tasa ta ci gaba da amfani: idan launukanka uku ne, duk ɗigon da maƙwabtansa ba su kai uku ba, cire shi ka ajiye a gefe, domin ko yaya aka shafa wa sauran, ba zai rasa launi ba idan an dawo da shi. A yi ta cirewa har zanen ya ƙare, sa'an nan a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya ana ba su launi. Idan aka kai inda kowane ɗigo da ya rage yana da maƙwabta uku ko fiye, sai a zaɓi wanda za a iya saukewa rumbu.

Neman rabon da ya fi kowanne kyau yana cikin matsalolin da lokacin warware su yake haɓaka fiye da kima da zarar sun yi girma. Saboda haka kwamfailoli suna wadatuwa da rabo mai kyau wanda za a samu da wuri. Inda ake tsananin gaggawa, kamar manhajar buɗe shafukan intanet wadda take fassara shiri a daidai lokacin da mutum yake jira, akan bi hanya mafi sauƙi, a bi guraben sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa ana raba musu aljihu. Massimiliano Poletto da Vivek Sarkar ne suka bayyana wannan hanya a 1999.

5. Tambaya ta uku: wa zai riga wa?

Masarrafin zamani ba ya jiran umarni ɗaya ya ƙare kafin ya fara na gaba. Yana aiki ne kamar leburorin gini masu miƙa bulo hannu da hannu: kafin na farko ya isa wurin magini, na biyu da na uku suna kan hanya. Amma idan wani umarni yana buƙatar amsar wanda ya gabace shi, kuma amsar ba ta iso ba, sai layin ya tsaya cik.

A jerin da muka rubuta a sama, mataki na 3 yana buƙatar lambar da mataki na 2 ya aika a ɗauko yanzu-yanzu, don haka zai zauna jira. Haka ma mataki na 6 zai jira na 5. Kwamfaila tana iya sauya jerin, ta tura dukkan aiken ɗaukowa guda huɗu tun farko, ta yadda jiran zai zama ɗaya maimakon biyu. Sharaɗin kawai shi ne kada wani umarni ya riga wanda yake ba shi lambar da zai yi aiki da ita.

Sai dai a nan wata sabuwa ta ɓullo. Idan aka ɗauko farashi da adadi da jari da dako gaba ɗaya, lambobi huɗu ne suke raye tare, ke nan ana buƙatar aljihu huɗu maimakon uku. Gaba kura, baya sayaki: a rage jira, aljihu ya yi ƙaranci, a tsimi aljihu, jira ya ƙaru. Hatta tambaya ta farko tana da hannu a ciki, domin a x86, inda aka dunƙule ɗaukowa da lissafi, g2 da g5 sun ɓace, aljihu biyu sun wadatar. Tambayoyin uku a sarƙe suke da juna, kuma masu gina kwamfaila sukan amsa su ɗaya bayan ɗaya ne, wani lokaci su sake komawa kan jerin bayan an raba aljihu.

Manyan masarrafai suna da sashen da yake sake jera umarni da kansa yayin aiki, dabarar da Robert Tomasulo na IBM ya bayyana a 1967. Amma ƙananan masarrafai masu tsimin wuta, irin na cikin mitar lantarki da injin mota, yawancinsu suna bin jerin yadda aka ba su, saboda haka nauyin yana kan kwamfaila.

6. Daga umarni zuwa sifili da ɗaya

Bayan an amsa tambayoyin uku, abin da ya rage shi ne a rubuta kowane umarni da lambobi. A nan ne kawai aikin ya yi kama da duba ƙamus. Ga yadda RISC-V yake rubuta umarnin da ke cewa a tara aljihu na 6 da na 7, a sa amsar a na 5:

0000000 00111 00110 000 00101 0110011

Bit 32 ke nan, wato bayit 4. Idan aka faro daga dama, bakwai na farko suna cewa lissafi ne tsakanin aljihuna. Biyar na gaba, 00101, lamba 5 ce, inda amsa za ta. Sai 00110 da 00111, wato 6 da 7. An ware wa kowane aljihu bit biyar ne domin 2 × 2 × 2 × 2 × 2 ya ba da 32, daidai yawan aljihunan. Ragowar gungu biyu su ne suke fayyace irin lissafin. Idan gungun hagu ya zama 0100000, wato sifili ɗaya tak ya koma ɗaya, umarnin ya tashi daga tarawa ya koma ɗebewa. A x86 kuwa tsawon umarni ba ɗaya ba ne, yana kamawa daga bayit 1 zuwa 15.

Wasu wurare kwamfaila takan bar su a buɗe, kamar adireshin wani aiki da aka rubuta a wani fayil dabam. Wata manhaja mai ɗinke sassan shiri ita take cike su daga baya, sa'an nan a sami fayil ɗin da na'ura za ta iya gudanarwa.

7. Kwatanci da ƙwayar halitta

Ɗaliban ilmin halittu za su ga wannan tsari bai zame musu baƙo ba. A cikin ƙwayar halitta, bayanin gado yana ajiye a DNA. Ana kwafe shi zuwa RNA ɗan aike, sa'an nan ribosom ya karanta saƙon harafi uku-uku, ya jera amino asid har furotin ya samu. Kowane gungu mai harafi uku sunansa kodon. Akwai kodon 64; guda 61 suna nuna amino asid 20, uku kuma alamar tsayawa ce. Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka warware ma'anar kodon na farko a 1961. RNA ɗan aike ya yi kama da harshen tsakani, tun da yana tsaye ne tsakanin rubutun asali da abin da zai yi aiki.

Amma inda kwatancin ya rabu ya fi koyar da darasi. Na ɗaya, ribosom ba ya zaɓe. Kodon ɗaya, amino asid ɗaya, a jerin da suka zo. Aikinsa ya fi kama da abin da muka gani a sashe na 6. Na biyu, ƙamus ɗin kodon kusan ɗaya ne a dukkan halittu, in ban da 'yan bambance-bambance kaɗan. Wannan ne ya sa a 1978 masana a Amurka suka iya sa bakteriya ta haɗa sassan insulin irin na ɗan'adam, aka kuma amince da sayar da shi ga masu ciwon sukari a 1982. Masarrafai ba su da wannan haɗin kai, shi ya sa kowane dangi yake buƙatar nasa sashen ƙarshe. Inda za a ga aiki irin na kwamfaila sosai shi ne wurin masanin da yake tsara saƙon gado domin wata halitta ta karanta. Amino asid ɗaya yana iya samun kodon har shida, kuma kowace halitta tana da waɗanda ta fi sabawa da su. Sai masanin ya zaɓi kodon da mai karɓar saƙon ya fi karantawa da sauƙi, ba tare da furotin ɗin ya canza ba. Wannan shi ne zaɓen umarni.

8. Amanar tafinta

Duk wannan dabara tana ƙarƙashin doka ɗaya: kada ma'anar shiri ta canza. A misalinmu akwai hanyar da aljihu biyu za su isa ba tare da an sauke komai ba, wato a ɗebe jari daga kuɗin ciniki, sa'an nan a ɗebe dako. Ga cikakkun lambobi amsar ɗaya ce. Amma ga lambobi masu ɗigo, na'ura tana yanke wutsiyar lamba a kowane mataki, don haka sauya jeri yana iya sauya amsa. A tsarin da yawancin kwamfutoci suke bi, tara 0.1 da 0.2 sa'an nan a ƙara 0.3 yana ba da 0.6000000000000001, amma tara 0.2 da 0.3 sa'an nan a ƙara 0.1 yana ba da 0.6. Saboda haka kwamfailoli irin su GCC ba sa yin wannan sauyi ga irin waɗannan lambobi sai marubucin ya ba da izini.

Kuskuren kwamfaila ya fi na sauran manhajoji haɗari, domin marubuci zai duba shirinsa ya ga babu aibu, alhali abin da na'ura take bi dabam ne. A 2011 masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka ba da rahoton wata manhaja tasu, Csmith, wadda take ƙirƙiro shirye-shirye barkatai a harshen C, a ba kwamfailoli daban-daban, a kwatanta amsoshinsu. Ta wannan hanya suka gano kurakurai fiye da 325 a kwamfailolin da ake amfani da su, har da GCC da LLVM. A Faransa kuma, Xavier Leroy ya jagoranci gina CompCert, kwamfailar da aka tabbatar da hujjar lissafi cewa ba ta sauya ma'anar shiri, domin manhajojin da rai ya rataya a kansu, kamar na jiragen sama. Masu Csmith ba su sami kuskure a sassanta da aka tabbatar ba. Tun kafin nan, a wata lacca da aka buga a 1984, Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun nufi a cikin kwamfaila ta yadda duba rubutun shiri ba zai tona shi ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa harshen tsakani yana rubuta aiki kamar gurabe ba su da iyaka kuma babu jira, shi kuwa masarrafi yana da ƙayyadaddun umarni, da 'yan aljihuna, da rumbu mai nisa. Sashen ƙarshe na kwamfaila shi yake sasanta su, ta hanyar zaɓen umarni, da rabon aljihu, da tsara jeri, bisa sharaɗin kada amsa ta canza.

Malamai za su iya koyar da wannan darasi ko babu kwamfuta a makaranta, allo da alli sun isa. A ba ɗalibai wannan lissafi: (a + b) × (c + d) − (e × f). Su warware shi zuwa harshen tsakani, su ja layi a gefen kowane gurbi daga haihuwarsa zuwa mutuwarsa, su ƙirga mafi yawan waɗanda suke raye tare, sa'an nan su raba musu aljihu. Daga nan a tambaye su: idan aka fara da e × f maimakon a bar shi ƙarshe, aljihu nawa za a buƙata, kuma me ya sa? Ɗalibin da ya gano amsar da kansa ya taɓa irin tambayar da Ravi Sethi da Jeffrey Ullman suka warware a 1970, lokacin da suka nuna cewa idan reshe biyu na lissafi ba su yi daidai ba wajen buƙatar aljihu, to a fara da wanda ya fi buƙata.